Iskar Rijiyar Baba Altine

Malama ta ce in bayyana muku yadda aikin nan yake, ku huɗun da kunka kai sunayenku kuna son a ɗauke ku. Da baki ta so in yi, na ce a bar ni da biro, don akwai wurin da in na zo a labarin muryata ɗaukewa take yi. Na san abin da ake faɗa a unguwa. Da kunnena na ji Hassi a bakin famfo tana cewa, "Aikin Luba ai hutu na. A shiga mota, a rataya 'yar roba ga bango, a dawo ana shan rake." Ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka shekara biyar da sunka wuce. Amma yau kwana goma sha ɗaya ke nan Modi, ɗan Baba Altine mai noman albasa a fadamar Goronyo, yana kwance asibiti a Sakkwato, ba a san ko hankalinsa zai dawo daidai ba. Kalma ɗaya da ta fito daga bakina tana cikin abin da ya kai shi can. Ku karanta har ƙarshe kafin ku ce kuna so.

Ku fara sanin wadda za ku yi wa aiki. Dakta Kulu, da muke kira Malama, 'yar Rabah ce. Mahaifiyarta gumin shinkafa take yi, don haka cikin hayaƙin itace da ƙaiƙayi ta tashi. Ta karanta kemistiri a jami'a, da ta gama anka riƙe ta ƙaramar malama, wanda a faɗarta ma'anarsa wankin kwalabe da duba takardun ɗalibai har ido ya yi ja. Digirinta na biyu a kan hayaƙin madafa ta yi shi, abokan aikinta maza suna mata ba'a wai ta sha wahalar zuwa jami'a don ta koma gindin murhu. Na uku a ƙasar waje ta yi, inda ta ce akwai na'urar da za ka ba iskar da ba ta cika kwalbar turare ba, ta lissafo maka duk abin da ke ciki. Sun so ta zauna can. Ta dawo ta tarar da ɗakin gwaji mai ma'auni ɗaya da ke aiki, da firiza mai jiran a kawo wuta. Sama da shekara ashirin ke nan tana koyarwa Litinin zuwa Laraba, Alhamis da Asabar kuma tana bin ƙauyukanmu tana auna abin da muke shaƙa.

A jami'a daɗewa kaɗai ba ta ɗaga mutum, sai da rubutu. Ka yi bincike, ka rubuta, ka aika wa mujallar masana, su miƙa wa wasu da ba ka taɓa gani ba su tsefe shi kamar tsohon kitso, su dawo maka da shi cike da tambayoyi. Na ga takardar Malama guda da ta je ta dawo har sau uku a kan tambaya ɗaya: wa ya tabbatar dattin da anka auna daga madafa ya fito, ba daga jakar wadda ta ɗauko shi ba? Wadda ta ɗauko kuwa ni ce. Tun ranar na gane hannuna yana cikin kowane layi da take rubutawa.

Aikina na farko a gidan wata mai ƙosai ne a nan Wurno. Malama ta buɗe wani ɗan gwangwani ta nuna mini takardar tace iska, fara fat, zagayayya, faɗinta bai fi murfin kwalbar man shafawa ba. Ana sa ta a bakin ɗan famfo mai batir, ya yini ya kwana yana zuƙar iskar ɗaki ta cikinta. An auna nauyinta kafin a kawo ta, za a sake aunawa in an mayar, a kan ma'aunin da ko numfashi ka yi kusa da shi sai lamba ta motsa. Ni kuwa don in nuna ƙwazo sai na sa yatsa biyu na ɗauko ta.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka ci da sahe?" in ji Malama.

"Ƙosai, Malama."

"To ga shi nan kin sa mani man gyaɗa cikin bincike. Turawa su ce matan Wurno ƙosai suka shaƙa."

Ta jefar da takardar, ta miƙo mini hantsaki. Sati uku ina koyon ɗaukar takardar banza da hantsaki kafin ta bari in taɓa ta gaske.

Bayan famfo akwai 'yan robobin da Hassi ta gani, masu tsotsar dattin iska a hankali, tsawon ɗan yatsa, da murfi biyu. Ka cire murfin ƙasa, ka rataye, ka rubuta ƙarfe nawa da minti nawa, bayan sati biyu cif ka dawo ka rufe. Ba kwana sha uku ba, ba sha biyar ba. Ko biki ake a gidanku, ranar roba ranar roba ce. A kowace tafiya akwai guda da ba a buɗewa, ta je ta dawo a rufe cikin kula mai ƙanƙara tare da sauran. Ita muke kira 'yar rakiya. In an gwada ta an sami datti, to jakarki ko hannunki ne ba tsabta, kuma aikin wannan tafiyar duka ya tashi a banza. Sai ta ƙarshe, wata na'ura rawaya da ba ta fi tafin hannu ba, muna ce mata mai kuka. Tana gane wani abu da wuta ko inji ke fitarwa in suna ci a wurin da ba sarari. Ba shi da launi, ba shi da wari. Sunansa a boko kabon monoksaid, amma in za mu yi wa mutane bayani sai mu ce muguwar iska. Haka Malama take faɗa, haka ni ma na koya.

Kayan aiki ana iya musu cikin wata biyu. Mutane ne ba a gama koyonsu. A Magarya mun sa famfo a madafar wata dattijuwa, Inna Tumba, madafar da bangonta ya yi baƙi ƙirin har yana ƙyalli. Washegari na je na ciro takarda fara kamar ba a taɓa hura wuta a gidan ba. Na sake sawa, haka. Malama ta zargi batir, ta zargi famfo, ta zarge ni. A karo na uku munka je ba sanarwa, sai ga Inna Tumba ta kafa duwatsun murhu a tsakar gida tana fama da rana.

"Inna, mi ya hiddo ki waje?" in ji Malama.

"Haba Dakta! Baƙi su aje kayansu masu tsada ɗakina, in bi su da hayaƙi? Ba a yi man wagga tarbiyya ba."

Sai da Malama ta zauna a kan turmi ta roƙe ta don Allah ta ɓata mana kaya. Tun daga nan duk gidan da na shiga, kafin in ciro famfo sai na ce, "Inna, hayaƙin muka nema, kada ki ji kunyarmu." Masu bandar kifi na Goronyo kuwa ba ruwansu da kunya. Ɗaya ya rataya robarmu a cikin tandar kanta, wai don ta ƙoshi da wuri mu huta da zuwa.

A Sisawa wata mata ta tare motarmu riƙe da hannun ɗiyarta. Ta ji an ce masu auna iska sun zo gari, ita kuwa yarinyar faɗuwa take yi, an ce iskoki ne, a taimaka a auna a gaya mata wane ne a kanta. Malama ta lallashe ta, ta rubuta mata takarda zuwa asibiti. Da munka shiga mota munka yi ta dariya har Wurno, sunan Malamar Iska kuma ya bi ta tun daga ranar. Mun ɗauke shi abin raha. Ba wadda ta tsaya a cikinmu ta ce, to in wannan haka ta ji mu, sauran fa yaya suke jinmu?

Muguwar shekararmu ita ce ta uku da fara aikina. Malama tana son awon wata goma sha biyu a jere, damina da rani, daga Wurno da Rabah da Goronyo, don da wannan takardar take sa ran cika sharuɗɗan zama farfesa. Mun kai wata tara. Sai gulbi ya cika ya haura, ya tafi da sandunan da munka kafa a fadama da robobin da ke kansu, hanyar wasu ƙauyuka ta yanke sati biyar. Wannan da sauƙi. Ana cikin haka anka rufe jami'a saboda yajin aiki, ɗakin gwaji ya zauna a kulle, wuta ta ɗauke ba mai tada janareto. Ranar da anka buɗe ina bayanta. Ta ɗaga murfin firiza, ruwa ya kwanta a ciki, takardun wata tara sun yi funfuna kore da baƙi. Sannan ta naɗe hannun riga ta ce in kawo bokiti da omo. Muna wanki ta ce, "Luba, sa'armu guda, abin da muka nema ba ya ƙarewa. Alhamis mu koma Rabah." A shekarar anka ɗaga waɗanda ta koyar, ita tana nan inda take. Munka sake daga wata na ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ƙi yi muku bayani da baki.

A fadamar Goronyo, gonakin da ke nesa da magudanar dam da rijiya suke ban ruwa. In rani ya yi nisa ruwa yakan gudu ƙasa, injin ban ruwa kuwa ba ya iya jawo shi daga nesa. Sai manoma su sassaƙa ɗan dakali a cikin rijiyar, wajen gaba uku daga baki, su zura injin da igiya su ɗora shi a kai, kusa da ruwa. In ya mutu ko mai ya ƙare, mutum ya bi ramukan ƙafa ya sauka ya tada shi. Muna da sanda a gonar Baba Altine, shekara biyu ina zuwa. Dattijo ne mai fara'a, ba ya bari in tafi ba ɗaurin albasa. Modi shi ne babban ɗansa, yana da mata da 'ya'ya biyu, shi ke kula da injin.

Ranar Alhamis ce, ranar canjin roba, kuma ranar ce Malama za ta zauna gaban kwamitin ƙarin girma a jami'a. Na tafi ni kaɗai, mota zuwa Goronyo, kabu-kabu zuwa fadama. Na iske injin yana ta ruri a cikin rijiya tun asuba. Ina canza roba Modi yana gefe yana danna goshinsa.

"Ƙaramar malama, ba ku da maganin ciwon kai cikin kular nan? Ko ƙanƙarar ki ba ni in ɗora."

"Kullum kai da ciwon kai, Modi. Ka rage shayi."

"Ba shayi ba na. Dut ran da niy yi aiki cikin rijiya sai in hito kamar an sa man turmi bisa kai."

Wannan maganar ta tsaya mini. Auna rijiya ba ya cikin aikin da anka aike ni, amma na ɗaura wa mai kuka zare na zura ta. Ba ta sauka ko gaba guda ba ta fara kuka. Na taɓa jin kukanta a shagon mai niƙa a Rabah da a ɗakin da anka kwana da gawayi, amma ban taɓa jin irin wannan ba, ba tsayawa. Na jawo ta, fuskarta ta daina nuna lamba ma, abin ya wuce iyakar awonta. Modi ya riga ya tafi buɗe wa fangali ruwa, sai na nufi Baba Altine a gindin mangwaro, na durƙusa.

"Baba, kada ku bari kowa shi shiga rijiyag ga. Akwai muguwar iska ciki, mai kisa ta."

Ko kaɗan bai yi mamaki ba. Ya dubi na'urar ya gyaɗa kai. "Ashe har abin ga naku ya gane ta? Mun san da ita, ɗiyata. Tun bara taka taɓa yaron ga."

"To don Allah a kiyaye, Baba."

"Kada ki damu. Za a yi mata abin da ya kamata. Allah shi yi miki albarka."

Na tashi da sanyin rai, har ina jin na yi abin kirki. Ban ce inji ba. Ban ce hayaƙi ba, don ba hayaƙin da ido ke gani. Na faɗi kalmar da na saba faɗa, ya amsa kamar ya gane, na wuce sandarmu ta gaba a gonar maƙwabcinsa Ɗan Ige.

Ina can na ji rurin injin ya tsaya. Ban kawo komai a raina ba, na ci gaba da rubuta lokaci. Ba a fi minti ashirin ba na ji salati. Na bar kula a buɗe na tattake fangalin mutane da gudu. Da na iso, Baba Altine ya tattare riga ya zura ƙafa ɗaya a rijiya. Na leƙa ta kan kafaɗarsa. Modi na zaune a kan dakalin, ya jingina kai da injin, igiyar tayarwa a hannunsa, kamar wanda barci ya sace.

Dokar farko da Malama ta koya mini game da mai kuka ita ce, in ta yi kuka kuma mutum ya faɗi, ba a bin sa. Mai bi shi ne na biyu. Ban san sa'ad da na kama rigar dattijon nan da hannu biyu na zauna daɓas a ƙasa ba.

"Sake ni! Ɗana na!"

"Ba ka shiga! Wallahi ba ka shiga! In ka shiga biyu za a hiddo!"

Ban taɓa ce wa dattijo "kai" ba sai ranar, balle in riƙe shi. Ya fizga, rigar ta yage har hammata, na koma na kama ƙafarsa. Ɗan Ige ya iso da mutanensa, shi ma ya fara tuɓe takalmi. Na yi ta ihu ina cewa ƙugiya, a kawo ƙugiya. Allah ya sa akwai ta a bukkarsa, irin mai baki huɗu da ake ciro guga in ya faɗa. Ya kwanta rub da ciki ya zura. Ta kama wuyan riga, rigar ta ɓarke. Ta kama hannu, ta zame. A karo na uku ta shige ƙarƙashin wani abu a ƙugun Modi ta riƙe gam. Mutum shida sunka ja. Da ya fito munka ga abin da ta kama: wani tsohon guru ne na fata, mai kauri kamar igiyar shanu. Ni dai na san ba ya ɗaure da shi da safe.

Yana numfashi, amma sama-sama. Munka shimfiɗe shi a sarari ta gefensa, anka tsayar da a-kori-kurar da ta zo ɗaukar albasa. A asibitin Goronyo sunka sa masa iskar numfashi, sunka ce a wuce da shi Sakkwato.

Can Malama ta same mu bayan la'asar, da leshinta na zuwa gaban kwamiti. Ba kujera, ta zauna a ƙasan baranda kusa da Baba Altine. Bai ɗaga murya ba, bai kalle ni da mugun ido ba. Da hakan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Dakta, ban yi ganganci ba," ya ce. "Yarinya ta gaya man, kuma na ji. Da injin yam mutu ban bar shi ya shiga haka nan ba. Nik kunna hitila niɗ ɗaura mata igiya niz zura, yadda ubana ka yi in za shi yasar rijiya. In iskar numfashi ta ɓaci, hitila mutuwa takai, kowa ya san wanga. Ta kai har bisa dakali tana ci, ko kaɗawa ba ta yi ba. Nic ce to, ba wagga iskar yarinya ka nuhi ba, waccan ta. Nit tohe shi da addu'a, niɗ ɗaura mai gurun ubana, nic ce shiga da bisimilla."

Malama ta yi masa bayani a hankali. Ta ce gwajin mahaifinsa gaskiya ne, amma na zamanin da ba inji ne. Fitila tana mutuwa in iskar kirki ta ƙare. Wannan kuwa ba korar iskar kirki take yi ba, shiga cikinta take yi ta ɓuya, kaɗan daga cikinta ya isa, ta bi numfashi ta shiga jini ta tare wurin, fitila na ci lafiya lau mutum na mutuwa a gefenta. Kuma daga bututun injin take fitowa, ta taru a rijiyar ko bayan ya mutu.

Ya juya hularsa a hannu. Sannan ya juyo gare ni.

"To ai wanga ba iska ba ta, ɗiyata. Dahi na. Da kin ce man dahi! Iska ana yi mata addu'a a shiga. Dahi kau, wa ka tohe shi ya sha?"

Malama ce ta amsa. "Ba laihinta ba na, Baba. Kalmar tawa ta, ni nib ba ta. Shekara ashirin ina hwaɗinta, har ga rediyo. Na iya hwaɗin abin ga da Turanci yadda ba mai kuskure man, ban tsaya na iya shi da harshen innata ba."

A ranar kwamitin ya amince da ita, daga baya na ji a bakin direbanta. Ita ba ta ɗaga maganar ba har yau. Abin da na ga ta yi shi ne ta kwaso takardun wayar da kai da munka buga za mu raba, ta bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, duk inda anka rubuta muguwar iska ta soke ta sa dafin inji, ko dafin gawayi.

Modi ya farfaɗo a kwana na biyu. Ya gane mahaifinsa da matarsa. Amma bai san abin da ya kawo shi ba, kuma abin da anka gaya masa ba ya zama. Tambayarsa ɗaya ce: "An ba albasa ruwa?" A ce an ba ta. Ya ce alhamdu lillahi, ya rufe ido. Kafin a sha kofin ruwa ya buɗe: "Baba, an ba albasa ruwa?" Ranar da na ƙirga sai da ya yi ta sau goma sha tara ina zaune. Likita ya ce irin wannan wani yakan warware, wani kuma haka yake zama, sai dai a jira.

Alhamis da ta zagayo munka koma fadama. Akwai sauran rijiyoyi biyar da inji a ciki. Ban so zuwa ba, ban yarda na matsa kusa da bakin rijiya ba, Malama ce ta riƙa zura mai kuka. Baba Altine ya bar asibiti ya biyo mu, ya ce bakinmu na boko ne, nasa za a ji. Kuma ya yi gaskiya, don labari ya riga mu isa: wai iska ta kama Modi, gurun kakansa ya ƙwato shi. Har wani ya tambaya ko za a ba shi aron gurun.

"Amma dai tsakani da Allah, Baba, guru ya hisshe shi," in ji Ɗan Ige. "Ni nir riƙa ƙugiya, na gani."

"Awo, ya hisshe shi," in ji Baba Altine. "Hwatar bijimi ta, jimar mutanen da. Sai dai sai da ƙugiya da ƙarti shida. Kai da ka da ƙugu kamar rumbu, mutum nawa za mu nemo? Ku ji ni da kyau. Dahi na. Injin ka zuba shi kamar yadda maciji ka yi. Hitila ba ta ganin shi."

Sunka yi dariya, amma sun ji. Kafin mu bar wurin an yi magana da mai walda ya ƙara wa kowane inji dogon bututu har bakin rijiya, an kuma yarda in inji ya mutu da igiya za a jawo shi sama a gyara, ba mai sauka. Haka anka jawo na Modi, anka kai shi wata gona da ke kusa da magudana, Ɗan Ige kuma ya jawo wa albasar su Modi ruwa da nasa injin.

A nan na ajiye biro kwana biyu, don ban san da me zan rufe muku ba. Yau Laraba na je asibiti. Na iske Modi zaune a bakin gado yana shan kunu da hannunsa. Na gaishe shi, ya amsa. Can ya dubi mahaifinsa.

"Baba, an ba albasa ruwa?"

"An ba ta, Modi," in ji dattijon, da muryar wanda ya faɗi abu sau ɗari.

Modi bai ce alhamdu lillahi ba. Ya ajiye cokali, ya haɗe gira.

"Da wane inji? Nawa ai shina cikin rijiya. Ya mutu, nis sauka in tada shi."

Matarsa ta toshe baki da mayafi. Baba Altine ya miƙe, ya koma ya zauna, ya cire hula ya share fuska da ita.

"An hiddo shi, ɗan nema," ya ce. "Kai munka hwara hiddowa. Kuma kada ka ɗauka don ka hi shi tsada na."

Modi ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi, sai da anka bubbuga masa baya.